Jan Biron Baba Malam

Dangora,
9 ga Yuni.

Zuwa ga aminiyata Bushira,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fatan kina lafiya, ke da Malam Sagir da yara. Yaya Humaira da haƙoran nan nata, sun gama fitowa ta bar ku kun huta? Yaya damina a Riruwai? Mu nan ruwa ya zauna, an yi shuka, maigidana Mu'azu ma tun da safe yana gona. Kowa lafiya, alhamdu lillahi.

Kada ki yi mamakin ganin takarda a hannun Badamasi direba. Na gaji da wayarki. Sai kin hau kan dutse kafin ki ji ni, rabin maganata ta iso miki, rabi ta maƙale a dajin Falgore. Abin da ke bakina kuwa ba na yanke-yanke ba ne.

Bushira, na gama littafin! Labarin nan da kika daɗe kina yi mini tsiya a kansa, kina cewa sai jikokina ne za su ƙarasa shi. Na Mansura, 'yar masunci mai shekara goma sha biyar a Tiga, wadda shekarar da ruwan dam ya ja baya har kufan tsohon garinsu ya leƙo, ta tafi neman dutsen niƙan kakarta. Shekara biyu ina rubuta shi a tsakanin darasi da girki. Ya cinye littattafan rubutu biyu masu falle tamanin, ya shiga na uku, saura falle goma sha ɗaya da ban taɓa ba.

Ga kuma inda abin ya yi daɗi. Wani kamfanin ɗab'i a Kano ya sanar a rediyo yana neman labaran matasa daga waɗanda ba su taɓa fitar da littafi ba. Biyar za su zaɓa su buga. Na kira lambar, wata mata ta ɗauka, na ba ta labarin a taƙaice. Ta ce ba ta taɓa jin an rubuta wa yara labarin mutanen da dam ya tasa ba, in je a buga mini a kwamfuta in aika. Za su rufe karɓa ran talatin ga Satumba. Kin ga akwai lokaci har da ragi.

Kin san ba zan kai shi ko'ina ba sai Baba Malam Rufa'i ya gani. Shi ya koya mana riƙe biro a firamare, shi ne aminin mahaifina, da Allah ya yi wa mahaifina rasuwa kuma shi ya ba da aurena. Ga shi a garin nan da ruwa ya ci aka haife shi, yana saurayi aka tashe su. Rabin abin da na rubuta daga bakinsa muka ji shi a aji. Kina tuna jan bironsa? Har yau in na ga jan biro sai na gyara zama.

Jiya na kai masa Tiga. A Kwanar Dangora Mu'azu ya tsayar da babur ya ce in shiga shago a yi fotokwafi tukuna. Na ƙi. Ina so idon Baba ya riga na kowa gani, har da mai shago. Kuma wane irin rashin ta-ido ne ka miƙa wa uba abu ka ɓoye wani a jaka, kamar kana tsoron zai yar? Mu'azu ya ce to, ya ja babur.

Na same shi a ɗaki, rediyo na yi. Bai ambaci sunana ba sai da na yi gaisuwa, ka ce tunani yake. Na ce masa idonsa nake so ya riga na kowa. Ya karɓi littattafan ya jinjina nauyinsu, ya shafa bangon, ya tambayi yawan shafukan, ya sa mini albarka har na ji ƙwalla. Bai buɗe a gabana ba, ya tura su ƙarƙashin matashi. Matarsa Inna Saudatu ta ba ni busasshen kifi, ga rabonki nan a leda.

Ki taya ni addu'a. Ki gaishe da kowa da kowa.

Taki har kullum,
Ramla.


Dangora,
21 ga Yuli.

Aminiyata Bushira,

Sallama da gaisuwa mai tarin yawa. Ina fatan kuna lafiya, masarar Malam Sagir kuma ta yi kyau. Na ji Faruk ya yi zazzaɓi, yaya jikin nasa? Allah ya ƙara sauƙi. Takardarki ta iso, na gode, na kuma ga faɗan da kika yi mini a kan fotokwafi. Na karɓa, ba sai kin ƙara ba.

Yau mako shida ke nan littafin yana wurin Baba. Sau biyu na koma. In durƙusa in gaishe shi, mu yi maganar ruwa, mu yi ta taki, mu yi ta ciwon ƙafar Inna, in tashi in dawo. Da zan fito na biyun ne ya ce yana kan aikina, kada in damu. Shi ke nan abin da na samu.

Kin ce in buɗe baki kawai in tambaye shi. Ke Bushira, zaman nesa ya sa kin manta? Ke ce za ki dubi Baba Malam ki ce ya hanzarta? Mu da ko sunansa ba ma iya faɗa a gabansa. Mutumin da ya zauna a matsayin ubana ranar ɗaurin aurena, in ce masa ina kayana? Wallahi harshena ba zai ɗauka ba.

Akwai abin da ya ɗan sanyaya mini rai. Ina zaune wani maƙwabcinsu ya yi sallama da takardar asibiti, yana so Baba ya karanta masa, kamar yadda unguwar ta saba tun fil azal. Baba ko karɓa bai yi ba. Ya ce a kai wa wani, shi yanzu littafin 'yarsa ne a gabansa, ba ya haɗa shi da komai. Kaina ya yi girma, ba zan ɓoye miki ba. Na ga ma jan biron a kan tabarma kusa da ƙafarsa.

Amma da na hau hanya sai abin ya juye mini. Wannan fa mutum ne da yake gyara littattafan aji guda kafin a tashi tara. Me zai riƙe shi mako shida a kan labarin yara? Sai dai in abin ya yi muni har ya rasa ta inda zai fara gaya mini. Kuma duk zaman da muka yi bai dube ni sosai ba, bangon da ke bayana yake kallo.

An ba da hutu ranar Juma'a. 'Yan ajina na uku, waɗanda nake gutsura wa labarin da baki duk ƙarshen mako, sun biyo ni har bakin ƙofar makaranta suna son in gaya musu ko Mansura ta sami dutsen. Na ce su jira littafi, in an dawo hutu za su ji labari mai daɗi. Ni da bakina na faɗa.

A gaishe da yara. Ki ce wa Faruk in ya warke zan aiko masa da rake.

Taki,
Ramla.


Dangora,
25 ga Agusta.

Bushira 'yar'uwata,

Assalamu alaikum. Yaya gida, yaya yara, yaya wannan marka? An ce hanyarku ta lalace, Allah ya tsare masu binta. Mu dai jiki lafiya. Zuciya ce ba lafiya.

Matar kamfanin ta kira ni da kanta. Ta ce rubuce-rubuce na ta shigowa, nawa shiru, ita kuwa ba ta manta da yarinyar nan da dutsen niƙa ba. Na ce mata ana dubawa. Da ta ajiye waya sai na zauna a bakin murhu na yi kuka, tuwo ya kama.

Na bi shawararki, na sayi sabon littafi na zauna in sake rubutawa daga ka. Kwana tara ina yi. Bushira, ba shi ba ne. Na san duk abin da ya faru a labarin, amma maganganun sun gudu. Wurin da kakar take lissafa gidajen unguwarsu ɗaya bayan ɗaya tana nuna ruwa da sanda, wata uku na yi ina gyara shi a wancan. Yanzu da na sake shi ya fito kamar tuwon jiya. Na kai shafi ashirin na rufe. In na aika wannan na ci amanar wancan.

Mu'azu ya ce shi zai je ya karɓo. Har faɗa muka yi. Ya za a yi suruki ya shiga gidan da aka ba shi mata ya ce a fito da kaya? Ai gara in aika ɗan sanda. Ya ce to in zauna kunya ta kashe ni, ya fita. Bai yi ƙarya ba, shi ya sa abin ya fi ciwo.

Na bi ta wurin Inna Saudatu. Na same ta tana tankaɗe, na kewaya na kewaya, na gaya mata ranar da za a rufe. Ta ci gaba da tankaɗe, sai na ga tana share ido da gefen mayafi. Ta ce gari ne ya shiga mata.

Daga nan na nufi ɗakin Baba. Na tsaya a bakin ƙofa ban yi sallama da wuri ba, ina tattara ƙarfin hali. Fuskarsa tana wajena sak. Na daɗe a tsaye, bai ce shigo ba, bai yi murmushi ba, ko gira bai ɗaga ba. Sai da na yi sallama ya amsa da fara'a, kamar ba shi ba. Yanzu na tabbata fushi yake da ni yana dannewa. Akwai wani malami a labarin da ya riƙa bi gida-gida yana lallashin mutane su tashi kafin ruwa ya zo, kakar ta ƙi yafe masa har ta mutu. Ina jin Baba ya ɗauka da shi nake. Wallahi ban nufe shi ba.

Da ma ban rubuta ba. Da ina nan malamar Hausa kamar kowa, ina da ubana, ina da kwanciyar hankalina. Yanzu littafin ya tafi, shi ma ina gani yana tafiya.

Ki yi mini addu'a, na rasa ta yi.

Ramla.


Dangora,
29 ga Satumba.

Bushira,

Sallama. Ina fatan kuna lafiya ke da iyali. Ki yi haƙuri da gajeriyar takarda, Badamasi na jira a bakin titi.

Gobe za su rufe. Jiya na je Tiga da niyyar ko me zai faru sai na karɓo. Tun daga Kwanar Dangora nake bitar abin da zan faɗa. Na durƙusa, na buɗe baki, abin da ya fito shi ne ina wuni. Shi ya fara maganar. Ya ce ya gama biyu, yana kan na ukun, in ƙara masa 'yan kwanaki. Na ce babu komai Baba, a yi a hankali. Kin ji abin da na ce.

Na kira matar na roƙi mako biyu. Ta ce ta so ta taimaka, amma rubutu ya haura ɗari, in ta ɗaga wa mutum ɗaya sai ta ɗaga wa kowa. Ba ta san ko za su sake irin wannan ba. Ta yi mini magana mai daɗi, ban ga laifinta ba.

An koma makaranta. Ranar farko yaran nan suka yi mini caa, Malama ina littafi. Na ce su buɗe shafi na sha biyu, mu yi nahawu.

Shekara biyu, Bushira. Ban faɗi ba, ban ci ba, ko layin ban shiga ba.

Taki,
Ramla.


Dangora,
13 ga Oktoba.

Aminiyata Bushira,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ki, ina gaishe da Malam Sagir da Faruk da Humaira. Yaya aikin kaka? Allah ya sa albarka a abin da aka samu. Na ga takardarki, na ga kuma abin da kika faɗa a kan Baba cikin fushi. Ki janye shi. Ki zauna ki karanta wannan.

Kwana uku da rufewa, da hantsi, sai ga Inna Saudatu a ƙofar gidana, matar da ko biki ba ta cika zuwa ba saboda ƙafa. Ta kwance ɗankwali ta fito da littattafan uku. Ta ce Baba ya gama, ya ce a kawo. Sannan ta ce ita ta gaji da ɗaukar abin da aka ɗora mata, in rufa mata asiri ta sauke.

Bushira, Baba ba ya gani.

Tun kafin azumin bana idon ya tafi. Hawan jinin ido ne, an kai shi asibiti a Kano, likita ya ce an makara, ba zai dawo ba. Haske da duhu kawai yake bambancewa. Ya sa Inna ta yi alkawari ba za ta gaya wa kowa ba. Ya ce shi da ya shekara arba'in yana karanta wa gari takarda, ba zai zauna a riƙa yi masa sannu ba. Masallaci yana ƙofar gida, ya san takunsa. Sauran yini yana ɗaki da rediyo.

Ta ce ranar da na kai littafin, da na fita, ya daɗe da shi a cinya, sannan ya ce ya zai gaya wa yarinyar nan ta kawo wa makaho karatu. Inna ba ta yi boko ba. Ba wa wani ya karanta masa kuwa tona kai ne, kuma ya ji na ce idonsa nake so ya riga na kowa. Kullum bayan azahar sai ya ɗauko, ya buɗe shafi, ya ɗora biro, ya ajiye. Yana sa rai wai wata safiya idon zai ɗan washe ko na awa ɗaya.

Da ta tafi na buɗe. Kowane shafi da alamar daidai da jan biro, irin wadda yake ja mana a littafin lissafi. Wata ta hau kan rubutu, wata ta faɗa gefe, wata rabinta ya fita daga takardar. Littafi na biyu a kife ya riƙe shi, duk alamun kansu a ƙasa. Na zo na uku, labarin ya ƙare, alamun ba su ƙare ba. Fallen nan goma sha ɗaya da ban rubuta komai a kai ba, duk ya bi su gaba da baya ya ba ni daidai. A na ƙarshe ya yi rubutu, layi na hawa kan layi, da ƙyar na karanta. Ya ce ya karanta duka, ya yi kyau, Allah ya yi mini albarka.

Na yi kuka, na yi fushi, na rasa da wa nake fushin. Wata huɗu ina durƙusawa a gabansa, na tsaya a ƙofarsa bai gan ni ba, ya kori mai takardar asibiti a gabana, ni kuwa littafina kawai nake gani. Shi yana jin kunyata, ni ina jin kunyarsa, har aka rufe.

Jiya na je godiya, don in ban je ba zai gane. Na ce gyaran ya yi amfani ƙwarai. Ya yi murna har ya gyara zama. Ya tambaya ko an aika a kan lokaci, ko masu bugawa sun karɓa. Inna tana bakin ƙofa tana kallona. Bushira, na ce sun karɓa. Ban shirya ba, haka ya fito, Allah ya yafe mini.

Ya yi hamdala ya fi a ƙirga. Sannan ya ce in littafin ya fito in kawo guda, in zauna in karanta wa Inna da ƙarfi tun daga farko, tunda ita ba ta iya karatun boko ba, ga shi labarin garinsu ne. Shi ma zai zauna a gefe, wai don ya ji yadda yake a kunne. Ya faɗa yana shafa tabarma yana neman biron, biron kuwa yana dab da hannunsa.

Ban san abin da zan gaya wa 'yan ajina ba. Ban sani ba ko zan sake rubuta wani abu a rayuwata, yanzu ko biro ba na son gani. Matar kamfanin na goge lambarta, don in daina dubawa.

Gobe in an tashi daga makaranta zan kai littattafan shagon nan na Kwanar Dangora, wanda na ƙi shiga ranar farko. Zan ce a buga a kwamfuta, a rage girman takardar, a yi masa bango mai kauri, yadda in ya shafa zai ji kamar na kanti. Mu'azu ya ce zai kai ni. Ki tambayar mini Malam Sagir, ba tare da kin ambaci suna ba, ko wannan ƙaryar tana cikin waɗanda ake yafewa.

Kin daɗe kina tambaya yaushe littafina zai fito. Na kira mai shagon a waya, ya ce kwana goma. Kwafi ɗaya na ce ya yi.

Ki riƙe wannan a cikinki, don Allah, ko yara kada su ji. Ina gaishe da kowa.

Taki har kullum,
Ramla.